Gwazarma a Gidan Abarshi

Ana idar da sallar azahar waya ta yi ƙara a buron Insifekta Alkasum, wato ofishinsa da ke komisariyar 'yan sandan Birnin Ƙonni. Yana zaune shi kaɗai, kwanon shinkafa da wake a gabansa, ya ci rabi ya ture. Tun da aka yi masa canjin wurin aiki ya baro iyalinsa a Damagaram, abinci ya daina yi masa daɗi.

Mai unguwa ne ke kira. An tsinci gawar wani dattijo a tsakar gidansa, can bakin gari ta hanyar Alela.

Alkasum ya ɗauki hularsa, ya leƙa ɗakin gaba ya kira mataimakinsa, Birgadiye Isa, suka hau mota.

Gidan na siminti ne, shi ne kusan na ƙarshe kafin gonaki su fara. Suna shiga Alkasum ya ja ya tsaya. Tsakar gidan babu yashi kamar sauran gidajen unguwar, ciyawa ce shimfiɗe, irin wadda ake dasawa a filin ƙwallo. Wani gefen kore shar, wani gefen ya yi tabo-tabo, ya bushe kamar an ɗora masa tukunya mai zafi.

A tsakiyarta mamacin yake kwance ta gefe ɗaya. Ƙaton mutum ne mai furfura, kumfa ta bushe a bakinsa, amai ya ɓata masa gaban riga. Kusa da shi akwai famfon feshi na goyo, igiyarsa ɗaya rataye a hannunsa.

"Wane ne shi?" in ji Alkasum.

"Alhaji Abarshi," mai unguwa ya amsa. "Tsohon direba ne, a Yamai ya yi aikinshi. Daga can ya zo da irin ciyawar ga. Matarshi ta rasu da daɗewa, ɗiyanshi duk suna nesa. Shi ɗai yake zaune."

"Wa ya fara ganinsa?"

Mai unguwa ya nuna wani siririn tsoho da ke tsugune a gindin bango, hula a hannu.

"Ga shi nan, Yahuza tela. Katangarsu guda. Shi ne abokin hirarshi."

Alkasum ya ƙarasa ya rage tsawo a gabansa.

"Sannu Baba. Yaya aka yi?"

"Ranka shi daɗe, ni tun da sahe na tahi Malbaza kai ɗinki. Da na komo na ga ƙofa buɗe, na yi sallama, shiru. Na shigo na ishe shi haka."

"Ka san zai yi feshi yau?"

"Ya daɗe shina kukan gwazarma ta cinye mishi ciyawa. Na ce mishi ya bari a samo yaro mai ƙarfi, ga rana, ga tsufa, ga ciwon ƙirji. Bai ji ba. Maganin ne ya buge shi."

Mutanen da suka taru a zaure suka shiga gyaɗa kai. Kowa ya san wanda feshi ya taɓa kayarwa a gonar albasa.

Alkasum ya miƙe ya je inda ciyawar ta bushe. Ya kama ta ya ja, ta taso gaba ɗaya kamar tabarma, domin saiwar duk an cinye. A ƙarƙashi ga gwazarma nan birjik, fararen tsutsotsi masu ƙiba da jan kai, kowace ta naɗe kanta. Ya taɓa ɗaya da tsinke, ta motsa da ƙarfinta. Ya shafa ƙasar, ya shafa ganyen, ya sunsuna yatsunsa. Ko alamar danshi babu, balle wari.

"Isa, ɗaga famfon nan."

Isa ya ɗaga, ya sake ajiyewa.

"Cike yake, shugaba. Har baki."

Alkasum ya sa aka ɗauki gawar zuwa asibiti, aka saka famfon a bayan mota.

A asibiti Likita Sadiƙu bai daɗe a ciki ba ya fito yana cire safar hannu.

"Guba ce, babu shakka. Ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Amma ba ta fata ta shiga ba, ba kuma ta numfashi ba. Sha ya yi."

"Ka tabbata?"

Likitan ya nuna masa wani faranti na ƙarfe. Abin da ya kankaro ne daga rigar mamacin.

"Fura ce da nono. Ka ga wannan ɗigo-ɗigon shunayya? Maganin ƙwari ne na tsaba, wanda ake barbaɗawa a ƙasa a bi shi da ruwa. Ba a fesa shi. An hana sayar da shi, amma yana shigowa ta iyaka. Wannan kuwa daka shi aka yi."

Suna cikin magana wayar mamacin ta yi ƙara a aljihun Isa. Babbar 'yarsa ce, Tsahara, daga Yamai. Tana kuka ta ce ba za ta iso ba sai gobe, ƙannenta kuwa suna ƙasashen waje, a sallace shi kawai kada a ajiye shi. Alkasum ya tambaye ta yaushe rabonta da shi. Ta ce tun babbar salla ta bara.

Bayan la'asar aka kai Abarshi makwanci. Sahun bai cika biyu ba. Alkasum ya tsaya a ƙarshen sahu, ya ga Yahuza ne ya shiga ramin ya karɓi gawar.

Daga maƙabarta Alkasum ya koma gidan mamacin shi kaɗai. Ɗaki ɗaya ne ake kwana a ciki, sauran an rufe. A madafa ya tarar da ƙwaryar fura an wanke ta tas an kife a kan randa, ludayi a gefenta. Sauran kwanuka kuwa suna zube da ragowar miyar jiya. Mutumin da ya bar kwanonsa na jiya ba wanki, yaushe ya wanke ƙwaryar da ta kashe shi?

Ya tambayi matan maƙwabta wa ke kawo wa Alhaji fura. Suka ce wata Bafulatana ce, Fadimatu, daga rugar da ke bayan fadama.

Washegari da hantsi suka tare ta a bakin hanya, ƙore a kai, tana shigowa gari. Dattijuwa ce, ta ga kakin Isa sai ta fara ja da baya.

"Inna, kada ki ji tsoro. Jiya kin kai fura gidan Alhaji Abarshi?"

"A'a. Ni jiya ban shigo gari ba."

"Matan unguwa sun ce sun sayi nono a hannunki."

"Wata ce sunka gani."

Alkasum ya sa Isa ya koma mota. Ya taimaka mata ta sauke kayan a inuwar dogon yaro, ya zauna a kan wani dutse.

"Inna, ƙwarya nawa kika dama jiya a unguwar nan? Ba wanda ya yi ko ciwon ciki sai shi. Na san ba daga hannunki ba ne. Amma in kika ɓoye mini, dole in tafi da ke, nonon nan ya lalace a rana."

Ta dube shi, ta dubi ƙoren. Idonta ya kawo ruwa.

"Na kai. Da anka ce hura ta kashe shi na ce to, shi ke nan, ni za a kama. Mu wa ke sauraronmu?"

"Ni ina sauraro. Wa ya karɓa?"

"Shi da kanshi, cikin zaure. Lafiya lau, har shina dariya. Na daɗe ban ga dariyarshi ba."

"Ta mutum nawa kika dama?"

"Da can kullum ta biyu nike damawa, shi da abokinshi. Sai kwanan ga ya ce in riƙa yin ta mutum guda, abokin ya yi hushi ya bar zuwa. Jiya kau ya ce, Fadimatu ƙara nono, abokina ya aiko, yau tare za mu sha."

"Wane abokin?"

"Alhaji na da wani aboki in ba tela ba?"

Alkasum ya yi mata godiya, ya taya ta ɗaukar kayan.

A mota Isa ya ce, "Mu je mu ɗauko telan kawai."

"Da me? Zai ce ya yi niyyar zuwa, tafiya ta kama shi. Kawo famfon nan in gani."

Ya juya shi. A gindin tankin akwai harafin L da jan fenti, da lamba a gefensa. Famfon haya ne.

Masu sayar da maganin gona suna jere a layi ɗaya cikin kasuwa. Tambaya ɗaya aka nuna musu rumfar Lurwanu, wani matashi mai gemu da ke zaune tsakanin jarkoki da buhunan taki. Warin wurin har yaji yake a ido.

"Wannan naka ne?" Alkasum ya dire famfon a gabansa.

"Ya yi kama da nawa."

"Naka ne ko ba naka ba ne?"

"Nawa ne."

"Kana sayar da maganin tsaba, mai launin shunayya?"

"Haba ranka shi daɗe! An hana. Ni ban taɓa ko riƙe shi ba."

Isa ya zagaya bayan kanta, ya ɗaga wani buhun da aka rufe da tabarma. Ƙulle-ƙullen leda ne a ciki, duk shunayya. Lurwanu ya fara share gumi.

"Wannan maganar tana nan tana jiranka," in ji Alkasum. "Yanzu gawa nake bincike. Ka sayar wa Alhaji Abarshi?"

"Bara, ranka shi daɗe. Bara da damina, da gwazarma ta fara tashi a ciyawarshi. Na ce mishi ya barbaɗa ya bi da ruwa sosai. Bana ko sau ɗaya bai saya ba."

"Ko na feshi?"

"Ko shi. Ni da kaina na je na ga ciyawar na ce Alhaji, in ba ka sa magani ba kahin kaka ba abin da zai rage. Ya ce a bar ta ta mutu. Ya ce shi da maganin ƙwari har abada."

"Me ya sa?"

Lurwanu ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Bara bayan ya saya, bai yi sati ba ya komo rumfar ga. Ya kama ni da faɗa, wai in bar saida wanga abu inda yara suke. Shina faɗa shina kuka, babban mutum kamar shi. Ban gane ba sai daga baya na ji an ce jikar maƙwabcinshi ta rasu a kwanakin. Ni dai ban tambaya ba."

"Wane maƙwabcin?"

"Telan. Yarinya ƙarama, shi ke riƙonta."

"Famfon fa, wa ya zo ya karɓa?"

"Shi telan. Jiya da hantsi. Ya ce Alhaji ya canza shawara, ya aiko shi. Har na yi murna."

"Jiya da hantsi yana Malbaza," in ji Isa.

"Wallahi nan ya tsaya inda kake tsaye."

Alkasum ya sa Isa ya kwashe buhun, ya gaya wa Lurwanu ya kai kansa komisariya kafin la'asar.

A hanya Alkasum yana tuna yadda tsohon ya rungumi gawar a cikin rami, yadda ya gyara mata kwanciya a hankali. Ya taɓa kama ɓarayi da masu kisa da yawa, bai taɓa jin ƙafarsa ta yi nauyi wajen zuwa kamu kamar yau ba.

Gidan Yahuza na ƙasa ne, ɗaki biyu da rumfa. Sun same shi a rumfar gaban keken ɗinki, amma ba ɗinki yake ba, zaune kawai yake. Ba kaza, ba akuya, ba motsin kowa. A kan igiyar shanya akwai wata 'yar riga ta yarinya, rana ta cinye launinta.

Suka yi sallama. Ya amsa, ya jawo musu tabarma.

"Baba, wa ka kai wa ɗinki a Malbaza?"

"Wani mutum ne."

"Sunansa?"

Yahuza ya kawar da kai.

"Lurwanu ya ce kai ka karɓi famfo jiya da hantsi. Fadimatu ta ce fura ta mutum biyu ta dama. Famfon ba a fesa ko ɗigo ba. An wanke ƙwarya. Baba, ni ba na son in ɗaga maka murya."

Tsohon ya ɗora hannu a kan keken, yana shafa shi.

"Kana da ɗiya, ranka shi daɗe?"

"Ina da su. Suna nesa."

"Sunanta Wasila. Ubanta ɗana ne, ya tahi Libiya neman kuɗi, tun tana ciki ba mu sake jin labarinshi ba. Uwar ta yi aure Dogarawa, mijin ya ce ba shi riƙon ɗiyar wani. Anka kawo mini ita tana tatata. Ni ke mata wanka, ni ke mata kitso, kitson ma da ƙyar na koya. In ina ɗinki tana nan ƙasan keke tana tsintar ƙyalle."

Ya dubi ƙasan keken.

"Ba abin da take so kamar ciyawar Alhaji. Duk unguwar ga nan ɗai ke da kore. Da mun shiga shan hura sai ta tuɓe takalmi ta yi ta birgima. Shi kau shina jin daɗi, shina ce mata amaryarshi. Rannan na bar ta can na tahi kasuwa sayen zare. Na komo na ishe ta hannunshi tana shure-shure, kumfa na zuba. Kahin mu kai likita ta cika. Anka ce zazzaɓi ne ya hau mata kai. Na ce Allah ya ba ni, Allah ya karɓa."

"Yaushe ka san gaskiya?"

"Watan da ya wuce. Na ga ciyawar na mutuwa na ce Alhaji, ka sa magani mana kamar bara. Sai ya aje ludayi. Ya ce Yahuza, akwai maganar da ta hana ni barci. Ya ce ran nan ya barbaɗa maganin, ya buɗe pampo ya ishe an ɗauke ruwa, ya ce bari ruwa su komo. Ya shiga ɗaki ya kishingiɗa, ya mance yarinya na waje. Da ya hito ya ganta bakinta duk shuni, tana tsintar abin tana ci. Ya goge mata baki da rigarshi. Da munka je likita bai faɗi ba. Ya ji tsoro."

Ya ɗago ya dubi Alkasum.

"Shekara guda, ranka shi daɗe. Shekara guda shina kallona ina kuka, shina miƙo mini ludayi. Da ya buɗe baki ran nan wajen likita, wa ya sani? Ƙila da tana nan."

"Me ka ce masa?"

"Ya kama ƙafata ya ce in yahe mishi. Na ce na yahe. Baki ɗai ya faɗa. Ya ɗauko ragowar maganin daga bisa katanga ya ba ni, ya ce in kai daji in binne, shi ba ya iya ko taɓa shi. Na kawo gida na aje."

Ya nuna wani ƙaramin turmin daka yaji da ke kife a kusurwa. Isa ya ɗaga shi da ƙyalle. Cikinsa ya rine shunayya.

"Na bar zuwa gidanshi. Ina zaune nan, in ji tarinshi ta bayan katanga, shi ma shina jin kekena. Na yi sallah na roƙi Allah ya cire mini abin ga zuciya. Bai hita ba. Jiya na aika mishi ina zuwa. Na biya na karɓo famfo don a ce tsautsayi ne. Ya tarbe ni kamar ya ga ɗan'uwanshi. Da ya shiga ɗauko sukari na zuba. Idonshi ba ya gani sosai. Na ce mishi cikina na ciwo, shi ya sha."

"Ka tsaya har ya cika?"

"Na tsaya. Da abin ya kama shi ya dube ni, ya gane. Bai yi kururuwa ba. Hannuna ya kama ya riƙe." Yahuza ya duba tafin hannunsa. "Na zaci in ya tahi zan ji sanyi. Yau tun asuba nake kasa kunne in ji tarinshi."

Can nesa wani amalanke ya wuce, jakin yana haki.

Alkasum ya miƙe.

"Baba Yahuza, na kama ka da laifin kashe Alhaji Abarshi. Za ka maimaita wannan maganar a komisariya, sannan gaban alƙali."

"To."

Isa ya ciro ankwa. Alkasum ya girgiza masa kai, Isa ya mayar da ita.

Tsohon ya tashi ya rufe keken da wani tsohon zane, ya ɗauki buta da carbi. Ya ja ƙyauren gidan ya sa kwaɗo. Mutanen unguwa sun fito sun tsaya nesa-nesa, ba mai matsowa. Ya juya da mabuɗin a hannu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi ƙofar Abarshi da ke rufe. Ya daɗe a haka.

Daga ƙarshe ya miƙa wa Alkasum.

"Riƙe mini, ɗana. Ban da wanda zan bar ma."

Alkasum ya karɓa ya saka a aljihun gaba. Ya buɗe masa ƙofar mota, ya riƙe masa hannu har ya hau.